Wai Kirista ba ya jin tsoro? (zare)

1/
Akwai maganar da na gaji da ji a zumuntar ɗalibai: wai Kirista na gaske ba ya jin tsoro, duk wanda gabansa ya faɗi to bangaskiyarsa ce ta yi sanyi. An kusa hutu, kowa yana lissafin hanyar da zai bi zuwa gida, shi ya sa na ce bari yau in faɗi nawa. Zaren da tsawo, ku gyara zama. 🧵

2/
Kun san yadda abin yake. Ka ce wa ɗan'uwa, "Gaskiya hanyar nan tana ba ni tsoro." Kafin ka rufe baki ya tare ka: "Na ƙi shi cikin sunan Yesu! Ba rabonka ba ne!" Kai ma ka ce amin da ƙarfi, ku rabu. Tsoron yana nan inda yake, sai dai yanzu ya samu ƙanwa, wato kunya.

3/
Kunyar ce ta fi damuna. Tsoro kaɗai ana iya ɗaukarsa a kai wa Allah. Amma in an koya maka cewa jin sa zunubi ne, ɓoyewa za ka yi, har ga Allah ɗin. Sai ka ga mutum yana jan waƙa ranar Lahadi, da dare kuwa idonsa biyu har asuba, ba wanda ya sani.

4/
Kuma mu fa ba inuwarmu muke tsoro ba. Mu ne muka taso da labarin Chibok, 14 ga Afrilu 2014, 'yan mata 276 a dare ɗaya. Muna sakandare aka yi Dapchi a 2018. A 2021 aka shiga makarantar Bethel Baptist a Kaduna aka kwashi yara sama da 120. A Maris na 2022 jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, wanda kowa ke cewa ya fi mota aminci, shi ma aka tare shi.

5/
Ga kuma ƙananan da ba a sa su a labarai. Kari-oba. Kuɗin makaranta da aka ƙara, Baba kuma ya yi ritaya. Yajin aikin wata takwas na 2022 da ya cinye mana shekara. Inda za a jefa mutum bautar ƙasa. Wayar gida da ta shigo ƙarfe biyun dare, ka tsaya kana kallonta ka kasa ɗauka.

6/
Ba zan kwafo ayoyi in jera muku ba. Zan faɗi wurin, kowa ya buɗe Littafi Mai Tsarki nasa ya duba ko ƙarya nake. Mu fara da Iliya, 1 Sarakuna 18 da 19.

7/
A sura 18 mutumin nan shi kaɗai ya tsaya a Dutsen Karmel gaban annabawan Ba'al 450. Ya yi addu'a, wuta ta sauko jama'a suna kallo. Ya sake addu'a, ruwan sama ya sauko bayan fari na shekaru. Da yau ne, da bidiyonsa ya zagaye duniya kafin faɗuwar rana.

8/
Juya shafi ɗaya kawai. Yezebel ta aiko masa cewa gobe war haka ba shi a duniya. Iliya ya ranta a na kare. Daga arewacin ƙasar har Biyer-sheba can kudu, ya bar baransa a nan, ya ƙara tafiyar yini guda cikin jeji, ya zube a gindin wata bishiya ya roƙi Allah ya ɗauki ransa.

9/
To me Allah ya yi? Bai aiko da wa'azi ba. Bai ce masa haba, kai da ka ga wuta jiya ba. Ya bar shi ya yi barci. Mala'ika ya tashe shi, ga gurasa ga tulun ruwa. Ya ci, ya koma barci. Aka sake tashinsa aka ce ya ƙara ci, don tafiyar da ke gabansa ta fi ƙarfinsa.

10/
Sai bayan kwana 40, a Horeb, Allah ya tambaye shi me ya kawo shi. Iliya ya zazzage abin da ke cikinsa har sau biyu, magana iri ɗaya, aka bar shi ya gama. Sannan aka ba shi aiki, aka gaya masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, aka tura shi wurin Elisha da zai zama na kusa da shi. Ku nuna mini inda aka yi masa tsawa.

11/
Dauda fa, wanda ya kayar da Goliyat? 1 Sama'ila 21: yana gudun Saul ya faɗa Gat, garin su Goliyat ɗin, aka gane shi. Tsoro ya kama shi har ya yi haukan ƙarya gaban sarki Akish, yana zane-zane a ƙofa, yawu na zuba a gemunsa. Zabura 56 ta wannan lokacin ce, kuma a ciki bai musa tsoron ba. Ya ambace shi, sannan ya faɗi inda yake jingina ranar da ya zo.

12/
Gidiyon ma da dare ya rushe bagaden Ba'al, don yana tsoron mutanen gidansu. Daga baya, daren yaƙi, Allah da kansa ya ce masa in har yanzu gabansa yana faɗuwa, ya ɗauki baransa su leƙa sansanin abokan gaba tare. Ya kuwa ɗauke shi. 😅 Mahukunta 6 da 7.

13/
Ni dai in aka kai Getsamani, gardama ta ƙare. Markus 14: Yesu ya ja Bitrus da Yakubu da Yahaya gefe, ya gaya musu da bakinsa cewa baƙin ciki ya kai masa wuya, ya roƙe su su zauna a faɗake kusa da shi. Ya faɗi ƙasa ya roƙi Uba a ɗauke masa abin da ke zuwa in zai yiwu. Ba sau ɗaya ba. Luka ya ƙara cewa guminsa yana ɗiga kamar jini.

14/
In rawar zuciya gaban mutuwa zunubi ce, me za mu ce game da wanda muka gaskata bai taɓa zunubi ba? Kuma ku lura, ba a ɗauke masa abin ba. An ƙarfafa shi, ya tashi, ya tafi ya tari waɗanda suka zo kama shi.

15/
Na san wani yana buga amsa yanzu: "Ai Yesu ya tsauta wa almajirai a cikin jirgi saboda tsoro." Haka ne, Markus 4, ba zan tsallake ba. Amma duba abin da suka tashe shi da shi. Ba taimako suka nema ba, zargi suka yi: wai bai damu ba ko sun mutu.

16/
A ganina nan ne layin yake. Bugun zuciya ba laifi ba ne, ruwa ne fa yake cika jirgin, kuma wasu cikinsu masunta ne, sun san abin da suke gani. Inda tsoro ke zama rashin bangaskiya shi ne lokacin da ya fara yi maka wa'azi game da halin Allah: ya manta da kai, bai damu ba, yana barci.

17/
Yanzu bari in taɓo inda za a ji haushina. Zabura 91. Kowannenmu an karanta masa ita a tasha ko a ƙofar gida kafin tafiya. Ina son ta sosai. Amma wasunmu mun mai da ita laya. A karanta, a shafa, a shiga mota, kamar an biya kuɗin inshora, yanzu dole Allah ya cika nasa ɓangaren.

18/
Kun san wa ya fara amfani da ita haka? Matiyu 4. Iblis ya kai Yesu ƙololuwar Haikali, ya janyo masa wannan Zaburar daidai, ya ce to ka yi tsalle mana, ba an yi alkawari ba? Yesu ya ƙi. Ya kira abin gwada Allah. Ashe ana iya riƙe aya ta gaskiya a yi mummunan aiki da ita.

19/
Matsalar bangaskiya irin ta laya ita ce ranar da abu ya faru. Motar da aka tare, akwai wanda ya karanta Zaburar nan a cikinta da safe. Sai me za mu gaya wa mahaifiyarsa? Bai karanta da kyau ba? Akwai zunubin da ya ɓoye? Na taɓa jin an faɗi irin wannan a gidan makoki, har yau in na tuna cikina juyawa yake.

20/
Ayyukan Manzanni 12 ce surar da na fi komawa. A farkonta Hirudus ya sa aka kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi. Layi ɗaya, an wuce. Sai ya kama Bitrus. Shi kuwa mala'ika ya zo da dare, sarƙoƙi suka zube, ƙofar ƙarfe ta buɗe da kanta. Sura ɗaya, kurkukun sarki ɗaya, manzanni biyu da suka kasance tare a Getsamani.

21/
Luka bai ce Bitrus ya fi Yakubu bangaskiya ba. Bai ba da dalili ko ɗaya ba. Masu addu'ar ma ba wai sun cika da tabbaci ba ne: da Bitrus ya ƙwanƙwasa, yarinyar nan Roda ta ruga ta gaya musu, suka ce mata ta haukace. Suna roƙon abu, abin yana bakin ƙofa, ba su yarda ba. Allah ya amsa duk da haka.

22/
Ibraniyawa 11 ma haka. A jerin jaruman bangaskiya akwai waɗanda suka tsira daga takobi, ayoyi kaɗan a gaba akwai waɗanda takobin ya kashe. Duka an sa su a jeri ɗaya. Mu ne muke tsayawa a rabin farko in muna wa'azi.

23/
Sai samarin nan uku a Daniyel 3. Muna son wurin da suka fito daga tanderu ko warin hayaƙi babu. Amma abin da suka gaya wa Nebukadnesar kafin a jefa su fa? Sun ce Allahnsu yana da iko ya cece su, kuma ko bai yi ba, gunkin dai ba za su yi masa sujada ba. Ba su san ƙarshen labarin ba. Mu ne muka sani.

24/
Wannan ba tsohon labari ba ne a wurinmu. Rabaran Lawan Andimi, faston EYN kuma shugaban CAN na Michika, an sace shi a farkon Janairun 2020. A bidiyon da aka fitar ya yi magana a natse: yana sa zuciya zai koma wurin iyalinsa, in kuma bai samu ba, komai yana hannun Allah, a kula masa da yara. Ranar 20 ga Janairu aka kashe shi.

25/
Leah Sharibu tana shekara 14 aka ɗauke su daga Dapchi, 19 ga Fabrairu 2018. Bayan wata guda aka dawo da sauran da suka rayu, ita aka riƙe ta don ta ƙi barin bangaskiyarta. Har lokacin da nake rubuta wannan ba ta dawo gida ba. Sa'armu ce fa. Da yanzu wataƙila tana kukan kari-oba kamar mu.

26/
Wa zai buɗe baki ya ce waɗannan biyun bangaskiya ce ta yi musu kaɗan? Kuma wa zai rantse cewa ba su ji tsoro ba?

27/
Bari in faɗi nawa kaɗan. Ranar 29 ga Oktoba 2014 muna Mubi, shekarata 11. Ranar ce garin ya faɗa hannun Boko Haram, ranar ce kuma suka shiga hedkwatar EYN a Kwarhi. Mun fita da kayan jikinmu da jaka ɗaya. Ba mota. Muka bi ta gonaki, dawa ta fi mu tsayi, muka nufi duwatsu.

28/
Kaka ce take riƙe da hannuna. Matar nan ba a taɓa yin sujadar safe babu ita ba, shekara da shekaru tana Zumuntar Mata. Amma hannunta rawa yake, har ina jin sa a ƙashina. Na ce, "Kaka, kina jin tsoro?" Ta ce, "Ina ji mana, 'yar nan. Riƙe ni da kyau, mu tafi."

29/
Addu'arta duk tsawon hanyar kalma uku ce: "Ubangiji, ga mu." Ta yi shiru, mu yi tafiya, ta sake faɗa. Ba ihu, ba ɗaure wannan ba kwance wancan. Tun daga nan in an ce dogara ga Allah, hoton da nake gani ke nan: hannu yana rawa, ƙafa tana tafiya.

30/
Mu mun isa Yola bayan kwanaki. Maƙwabtanmu, waɗanda sun fi mu naci a coci nesa ba kusa ba, ɗansu bai iso ba. A gidanmu ba a ba da shaidar nan da kirarin "Allah ya nuna namu daban ne". Mama ta hana. Muna godiya, sannan mu je mu zauna da su.

31/
Wani abu kuma: yin hattara ba rashin bangaskiya ba ne. Ku kwatanta Ezra 8 da Nehemiya 2. Dukansu daga ƙasar sarkin Farisa za su Urushalima, hanya mai 'yan fashi. Ezra ya ji kunyar roƙon rakiyar sojoji don ya riga ya gaya wa sarki Allah yana tsaron nasa, sai suka yi azumi a bakin kogin Ahawa suka kama hanya. Nehemiya kuwa da hafsoshi da mahayan dawakai ya tafi.

32/
Dukansu sun isa, ba wanda aka zarga. Da aka yi barazana lokacin ginin garu, Nehemiya 4, addu'a suka yi suka kuma sa masu gadi dare da rana. Bulus a kwando aka zurara shi ta garun Dimashƙu. Wata rana ɗan 'yar'uwarsa ya jiyo ana shirin kashe shi, Bulus bai ce ba rabonsa ba ne, ya tura yaron wurin shugaban sojoji, aka fitar da shi da dare da rakiyar mutum 470.

33/
Don haka in Mama ta ce kada ka yi tafiyar dare, ba shaiɗan ne yake magana ta bakinta ba. Shiga motar tasha, ba ta bakin hanya ba. Tashi da sassafe. Cika cajin waya. Tambayi direbobi yadda hanya ta kwana. In an ce yau ba kyau, koma ɗaki, Kirsimeti ba zai gudu ba. Yi addu'arka a kan duk wannan.

34/
To in ba laya ba ce, yaya ake ƙarfafa dogarar? Zan faɗi abin da na gani yana aiki, a kaina da a gidanmu. Na farko dai, kira tsoron da sunansa a gaban Allah. Ba "Uba ka san damuwata" ba. Ce: ina tsoron a tare motarmu, ina tsoron Baba ya mutu ban gama makaranta ba. Abin da aka ambata ya fi sauƙin ɗauka a kan abin da ke yawo a duhu.

35/
In kana ganin wannan rashin ladabi ne, karanta Zabura 88. Daga farko har ƙarshe kuka ne, ba ta juya zuwa yabo ba, a cikin duhu ta ƙare. An bar ta a littafin waƙoƙin mutanen Allah, ba a cire ba. Akwai kuma uban nan a Markus 9 da ya ce ya gaskata, a taimaki ragowar da bai gaskata ba. Yesu ya warkar masa da ɗa a haka.

36/
Sai tunawa. Tsoro yana da wata mugunta: yana goge tarihi. Sama'ila dutse ya kafa bayan an cece su, 1 Sama'ila 7, don a riƙa gani. Mama a bangon bayan littafin waƙoƙinta take rubutawa, kwanan wata da kalma biyu ko uku. Ranar da muka isa Yola. Ranar tiyatar ƙanena. Ranar da sunana ya fito. Shafin ya cika, ta liƙa wani.

37/
Ni a waya nake nawa. In ƙarfe biyun dare ta yi, zuciya ta fara kawo fim, shi nake buɗewa. Ba ya ce mini ba abin da zai faru gobe. Yana dai tuna mini wanda nake hulɗa da shi, kuma mun daɗe tare.

38/
Maganar waya ta kawo ni nan: ba dole ne ka kalli kowane bidiyo ba. Gurup ɗin WhatsApp na coci, na 'yan gari, na dangi, kowa yana turo gawa da sunan "mu yi addu'a". Rabi ma tsofaffi ne, wasu ba na ƙasar nan ba. Sanin abin da ke faruwa daban, cika ido da jini kafin barci daban. Kana iya yi wa gari addu'a ba tare da ka ga hoton ba.

39/
Sai mutane. Yesu da kansa bai so ya kwana shi kaɗai a daren nan ba, kai wane ne? Iyayenmu mata sun fi mu gane wannan. In abu ya faru, 'yan Zumuntar Mata ba sa zuwa da bayani. Suna zuwa da tabarma da tukunya, su zauna, su yi waƙa a hankali, su kwana. Mu kuwa sai mu tura hannayen addu'a 🙏 mu wuce.

40/
Nemi mutum ɗaya, ɗaya tak, wanda za ka ce masa "yau ba ni da ƙarfi" bai buɗe maka wa'azi ba. Kai ma ka zama wannan mutumin ga wani. In ɗan'uwa ya ce yana tsoro, riƙe "na ƙi shi" ɗinka tukuna. Tambaye shi: tsoron me? Ka ci abinci? Mu yi addu'a yanzu ko in zauna kawai?

41/
Akwai kuma tsoron da ya riga ya shiga jiki. Yara su fasa banga lokacin Kirsimeti, ka tsinci kanka a ƙasa. Zuciya na gudu, numfashi na yankewa, gumi, mafarki iri ɗaya kullum. Wannan ba aljani ba ne, ba kuma ƙarancin azumi ba. Jiki ne ya koyi gudu a ranar da gudu ya cece shi, bai samu labarin cewa an wuce wurin ba.

42/
Yana da magani. EYN ta yi ta shirya tarurrukan warkar da raunin zuciya bayan 2014, mutane da yawa a can suka fara iya ba da labarinsu. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri da Kaduna, kuma ba sai wanda ya yi tsirara a kasuwa ake kaiwa ba. Fara da asibitin makarantarku. Wanda ya aiko wa Iliya gurasa ba zai yi fushi don ka ga likita ba.

43/
Abu na ƙarshe da tsoro ke yi in an bar shi ya kwana ya tashi: yana rikiɗa ya zama ƙiyayya. Ka fara kallon kowane mai hula, kowace mai hijabi, da wani ido. Kuma yana zuwa da rigar kishin addini, shi ya sa ba a saurin gane shi.

44/
Abokiyar ɗakina Musulma ce daga Zamfara. In za ta gida, ni nake zama da waya a hannu ina jiran "na iso". In ni ce a hanya, ita take jira. Ƙauyensu an tashe shi, kawunta sai da aka sayar da gona aka karɓo shi. Wanda yake tare hanya ba ya tambayar sunan baftisma.

45/
Kuma kada mu manta Yuni 2018 a Barkin Ladi, lokacin da Liman Abubakar Abdullahi, tsoho mai shekara sama da 80, ya ɓoye Kiristoci 262 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi ba da su. Akwai mutanen da suke zuwa coci yau a Filato saboda shi.

46/
An kafa EYN a gindin tsamiya a Garkida a 1923, kuma tun farko koyarwarta ita ce ba a rama mugunta da mugunta. Na ga mutanen da aka ƙone musu coci da gida suna riƙe da wannan, haƙora a cije. Ba sauƙi. Wasu ranakun Kaka ma shiru take yi in an zo wurin gafara a Addu'ar Ubangiji, sai mako na gaba ta faɗa.

47/
Masu tafiya hutu: in kana so a sa ka a addu'a, rubuta sunan hanyar kawai a ƙasa. Kada ka sa rana, kada ka sa lokaci, kada ka sa tashar da za ka hau, ba ka san wa ke karantawa ba. Mu 'yan ɗakinmu da wasu muna haɗuwa Laraba da yamma bayan lakca, za mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Wanda kuma nasa ba na hanya ba ne, akwatin saƙona a buɗe yake, sai dai ina da jarrabawa Juma'a, amsa za ta ɗan yi jinkiri.